Daga Kufena Zuwa Kura: Tafiya a Ƙasar Gamba

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Kufena a ƙarshen watan Satumba, ya tsaya a ƙololuwa ya dubi gabas, da wuya ya manta da abin da ya gani. Ga Birnin Zazzau kwance a ƙarƙashinsa, rimaye sun yi masa inuwa, ragowar ganuwa ta bayyana nan ta ɓace can. Bayan birnin kuwa, iyakar ganin ido, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kore shar: dawa ta fid da kai, masara ta fara bushewa, ga itatuwa ɗai-ɗai a tsakanin gonaki, ga garken fararen shanu na bin burtali. Wannan shi ne babban sararin ƙasar Hausa, wanda a nan Zariya tudunsa ya kai kimanin mita 650 zuwa 700 sama da teku. Masana labarin ƙasa suna kiran irin wannan ƙasa mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi da sunan sabana.

Matafiya sun daɗe suna yaba ta. Hugh Clapperton, Baturen da ya ratsa Zazzau a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, ya rubuta labarin gonakinta da shanunta da dogayen itatuwan birnin. Mu ma tun muna yara muke jin ana cewa ƙasar Zazzau ƙasar noma ce, kuma gaskiya ne. To, amma daga ina wannan albarka take fitowa, kuma za ta ɗore? Mai karatu ya biyo mu, mu sauka daga dutse mu bi hanya, mu tambayi ƙasar da kanta.

Me ya sa ba kurmi ba?

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara. Ɗalibi zai yi mamaki in ya ji cewa birnin Landan, wanda ya yi suna wajen yayyafi, abin da yake samu bai wuce wajen milimita 600 ba. Bambancin yana wajen rabo. Namu ruwan kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, ya fi ƙarfi a marka, watau watan Agusta, sa'an nan sama ta ɗauke na wata shida ko bakwai. Itatuwan kurmi irin na Kudu ba sa jure wannan dogon ƙishi. Abin da ke jurewa shi ne ciyawa, da itatuwan da suka iya zubar da ganye su jira.

Ciyawa tana da dabaru guda biyu da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya sani. Na farko, idon tsironta yana can gindi, dab da ƙasa, saɓanin yawancin tsirrai da nasu yake a kan reshe. Saniya ta cinye ganye, ko wuta ta lashe shi, ko manomi ya yanke, idon yana nan lafiya, da yayyafin farko sai ya tofo. Na biyu, yawancin ciyayin ƙasashe masu zafi, ciki har da dawa da gero da masara da rake, suna da wata hanya ta musamman ta haɗa abinci daga hasken rana da iskar kabon, wadda ake yi wa laƙabi da C4. Masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, su suka bayyana yadda take aiki a 1966. Amfaninta shi ne tsiro yana iya tsuke ƙofofin numfashin ganyensa a tsakar rana, ya rage asarar ruwa, amma ya ci gaba da haɗa abinci. Shinkafa da alkama ba su da wannan baiwa, shi ya sa a nan ƙasar suka fi son fadama ko ban-ruwa.

Sai kuma wuta. Da a ce ba a cinna wa daji wuta, ba a sara, ba a kiwo, da ƙasar Zazzau ta rufe da itatuwa, musamman doka, wadda masana suka ɗauka a matsayin tambarin wannan yanki har suka sa sunanta na Hausa a cikin na kimiyya, Isoberlinia doka. A rabon da masanin tsirrai R. W. J. Keay ya yi wa tsirran Nijeriya a tsakiyar ƙarni na 20, Zariya ta faɗa cikin Sabanar Gini ta Arewa, Kano kuma cikin Sabanar Sudan. Duk wanda ya shiga birni ta Ƙofar Doka ya ambaci sunan itacen, amma zai yi tafiya mai nisa a yau kafin ya ga dajin doka sosai. Gatari da fartanya sun riga shi.

Birnin da aka gina da dajinsa

Kafin mu kama hanya, mu ɗan zaga cikin birni, domin shi kansa littafi ne na sanin wannan ƙasa. Ganuwar, wadda tsawonta ya kai wajen kilomita 15, an faɗaɗa ta ne har ta kewaye gonaki da wuraren kiwo da Dutsen Madarkaci, yadda ko abokan gaba sun kewaye gari na watanni, mutane ba za su rasa abinci ba. Kududdufan da ke unguwanni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini. Sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suna nuna matsayin rimi a wurin Zagezagi. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, da ƙasa aka yi shi da azara, azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, itacen da gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agusta na 2023, har aka yi asarar rayuka. Zanar da ake kewaye gida da ita, da asabari, da shuci na jinka, duk daga ciyawa suke.

Shi kuwa Kufena, dutse ne na ƙwarai mai shekaru fiye da miliyan 500. Irinsa ne ke shimfiɗe a ƙarƙashin dukkan wannan sarari. Ruwa da zafi suka yi ta cin dutsen ta ƙarƙashin ƙasa suna mai da shi ruɓaɓɓe, zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, wuraren da suka fi tauri suka yi saura a tsaye kamar tsibirai. Haka duwatsun Turunku da na Kwatarkwashi da sauransu suka samu. Ba banza ba magabata suka zauna a gindinsu: akwai tsaro, akwai ruwan da ke gangarowa, akwai kuma ƙasa mai ɗan danshi.

Samaru da Shika: inda aka auna ƙasar

Daga birni mu bi ta Tudun Wada, mu haye Kubanni, mu kama hanyar Funtuwa zuwa Samaru. A nan aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. Irin masara da ake kira SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT, da wake SAMPEA, duk daga sunan Samaru suka samo farkon sunansu.

In ka ɗebi ƙasar gonar Samaru ka murza a tafin hannu, za ka ji ta da laushi kamar gari. Dalili shi ne saman ƙasar, a wurare da yawa, ƙura ce da iska ta kwaso daga arewa ta jibge a zamanin da duniya ta fi yanzu bushewa, shekaru dubbai da suka wuce. Har yau aikin bai tsaya ba. Hazon hunturun da ke sa mu tari, mafi yawansa daga wani tsohon gindin tafki yake tasowa, wanda ake kira Bodele, a ƙasar Cadi, kuma yana sauke wa gonakinmu ɗan abin da ya samu na sinadaran gina tsiro. Irin wannan ƙasa tana da daɗin noma, tana kuma riƙe ruwa, amma tana da aibi: in ruwa mai ƙarfi ya doke ta tsirara, sai samanta ya yi ɓawo, ruwan da zai shiga ciki ya gudu ya tafi da ita.

A nan ne za mu gane bambancinmu da sauran manyan filayen ciyawa na duniya. Filin Famfas na Ajantina, da na tsakiyar Amurka, da na Yukren, ƙasarsu baƙa ce wuluk, wani wuri zurfin baƙin ya kai mita guda. Sanyi ne ya yi musu wannan aiki, domin saiwoyin ciyawa suna mutuwa su ruɓe a hankali, ruɓin ya taru shekara da shekaru. Mu kuwa zafi da danshin damina suna sa ƙwayoyin halitta su cinye ruɓi da sauri, gara ta kwashe kara, wuta ta ƙone saura. Don haka ƙasarmu ja ce ko fara-fara, ruɓin da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, tana kuma da ƙarancin naitirojin da fosfaros. In ka haƙa ƙasa kaɗan a wasu wurare sai ka ci karo da marmara. Taskar ƙasarmu ƙarama ce. Abin da aka zuba bana shi ake ci baɗi.

An gwada wannan a Samaru, kuma gwajin ya cancanci a san shi a kowace makaranta. A 1950 aka yanka wani fili gida-gida. Wasu gidajen aka riƙa zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani iri-iri, wasu duka biyun, wasu kuma ba a sa musu kome ba, aka yi ta noma su shekara bayan shekara har tsawon gomman shekaru. Gidajen da ba a ba kome ba amfaninsu ya faɗi warwas. Waɗanda aka ba takin zamani kaɗai, musamman mai naitirojin irin na salfa, sun yi kyau da fari, daga baya ƙasarsu ta yi tsami, ruɓinta ya ragu. Waɗanda suka haɗa kashin shanu da takin zamani su ne suka riƙe ƙarfinsu. Tsofaffin manoman Zazzau da ke gayyatar Bafulatani ya sauka da garkensa a gonarsu bayan girbi, har su ba shi dawa, ba su karanta wannan sakamako ba, amma shi suke aiki da shi.

Haka kuma a 1966 zuwa 1967 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya bi manoman ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana ƙididdige aikinsu. A lokacin malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Binciken ya nuna gonar haɗi ta fi gonar iri ɗaya kawo amfani a kowace eka, ta kuma fi tabbas a shekarar da ruwa ya yi gardama. Wake yana ƙara wa ƙasa naitirojin ta ƙulle-ƙullen saiwarsa, yana kuma rufe ta daga dukan ruwa. Hanwa ɗin nan yanzu gari ya cinye ta, gonakin da aka auna sun zama gidaje.

Gaba kaɗan da Samaru sai Shika, inda aka kafa gonar kiwon shanu a 1928, wadda ta zama Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa. A nan labarin gamba ya ɗauki wani salo. Gamba, wadda masana ke kira Andropogon gayanus, ita ce sarauniyar ciyayin wannan ƙasa: tana yin tsawon da zai ɓoye mutum a kan doki, saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, kuma tana cikin masu fara tofowa bayan ƙuna. A 1973 aka ɗauki irinta daga Shika zuwa ƙasar Kolombiya, aka gwada ta a filayensu masu ƙasa mai tsami, ta karɓa, a 1980 aka fitar da ita ga makiyayan Kolombiya da na Barazil. Tun a shekarun 1930 kuma an kai ta Ostareliya domin kiwo, kuma har yau da sunanta na Hausa suke kiranta. Sai dai a can ta zama annoba. Inda babu isassun shanun da za su ci ta, babu mai yankan zana, sai ta yi kauri ta bushe, wutarta ta riƙa tashi har kan itatuwa tana kashe su. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Ga abin mamaki: a can ana kashe kuɗi don a hallaka ta, a nan kuwa mai saƙar zana sai ya yi nisa kafin ya samu, in ban da wadda manomi ya bari a kan iyakar gona.

Hanyar Kano

Mu dawo Kwangila mu miƙi hanyar Kano, tafiyar kimanin kilomita 150. Abin da matafiyi zai fara lura da shi shi ne masara. Kakanninmu a bayan gida suke shuka ta, a gasa a ci. Daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975, aka kawo sabon iri da takin zamani mai rahusa, sai ta fita fili ta ture dawa a gonaki da yawa, kasuwanni irin su Giwa da Soba da Saminaka suka cika da ita. Masara tana son hasken wannan yanki da sanyin darensa, amma mayunwaciya ce. In babu taki ba ta yin kome, kuma a gonar da ta gaji nan da nan ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yake bayyana da jan furensa. Kyan furen yaudara ne, domin saiwarsa a jikin saiwar hatsi take maƙale tana tsotsa, kuma ƙwayar irinsa tana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma.

Dubi itatuwan da ke cikin gonaki. Ba wanda ya tsaya a wurin da ka: kaɗanya don mai, ɗorawa don kalwa da daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, ɗinya da kanya don 'ya'ya. Manomi ne ya sare sauran ya bar waɗannan. A kwaruruka kuma, wajen Tashar Yari da Makarfi, fadamu ne baƙaƙe cike da rake, inda ake dafa mazarƙwaila, da rani kuma a yi tumatir da tattasai da albasa. Fadama tana da ƙarfi ne saboda abin da ruwa ya wanko daga tudu a can yake sauka.

A wani wuri tsakanin Zariya da Kwanar Dangora, ba tare da direba ya ji motarsa ta hau wani tudu ba, za ka ƙetare wata iyaka da ba a sa mata allo ba. Ruwan da ya zuba kudu da ita yana bin Galma ya faɗa Kogin Kaduna, daga nan Kwara, har Tekun Atalantika. Wanda ya zuba arewa da ita yana bin Kogin Kano da Calawa, ya shiga Haɗeja da Yobe, ya nufi Tafkin Cadi, bai taɓa ganin teku ba.

Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Tana ƙara yashi, ciyawa tana gajarta, kyasuwa da burburwa suna karɓar wurin gamba, kuka tana yawaita, sai kuma gawo. Gawo itace ne mai hali na dabam: da damina, lokacin da kowa ke ganye, shi zubar da nasa yake yi, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa yana zama taki daidai lokacin shuka, dabbobi kuma su sha inuwarsa da rani su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa. Ruwan Kano bai kai na Zariya ba, ƙasarta ma ta fi rauni, amma karkarar Kano ta yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta ba hutu. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin yadda hakan ta yiwu tun a shekarun 1960: ana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina a tara takinsu, ana jigilar shara da toka daga birni a kan jakuna, ba a barin harawa ko karan dawa su lalace. A Kadawa da Kura kuwa, ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mai da rani damina, shinkafa da alkama da tumatir suka samu wurin zama.

Abin da ya ragu na daji

Ba duk abin da ya tafi tare da dajin ake kewarsa ba. A shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi gabashin Zazzau, har hukuma ta sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, ta tara mutane a sababbin ƙauyuka, ta gina sabon gari mai suna Takalafiya. Da daji ya ja baya tsando ya ragu, shanu suka samu sauƙin sammore. Amma saurar da ake bari ta huta shekaru ta ƙare a wurare da yawa, burtali ya tsuke duk da dokar wuraren kiwo da Jihar Arewa ta yi a 1965, kuma daɗaɗɗiyar musayar taki da kara tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni, a wasu wuraren ta koma gaba. In aka tuna da sakamakon gwajin Samaru, za a ga cewa wannan saɓani har ƙasar noma yake cutarwa.

Mai son ganin yadda sabanar take kafin gatari yana da wurare biyu: dajin Falgore a kudancin Jihar Kano, da na Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun dajin ƙasa a 1999. Sai dai a shekarun da suka biyo bayan 2010 ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun mai da waɗannan dazuzzuka maɓoya, don haka kada wata makaranta ta shirya kai ɗalibai ba tare da ta tuntuɓi hukuma ba.

Ba sai an je can ba kafin a koyi darasin. Malami na iya fita da ajinsa bayan makaranta a watan Oktoba, lokacin da ciyayi suka yi fure, kowane ɗalibi ya tsinko iri biyar, ya tambayi dattawan gidansu sunayensu da amfaninsu. A ɗebo ƙasa daga wuri uku, daga tsakiyar gonar tudu, daga gindin ɗorawa ko gawo, da kuma daga fadama, a zuba kowace a kwalba da ruwa, a girgiza a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa, ruɓin ganye ya taso kan ruwa. Sai a auna kaurin kowane da ma'auni, a rubuta a allo, a sake gwadawa da ƙasar wuraren nan uku a watan Afrilu, bayan an yi ƙuna, kafin shamuwa ta dawo.